Ranar da Bayan Motar Tsoho Zungu Ya Zauna

Ƙarar ƙarfe a kan dutse ta ratsa har cikin haƙoran Khethiwe. Ta taka burki. Motar ta tsaya cak a tsakiyar busasshen rafin, gabanta ya fara hawa tudu, bayanta yana jan ƙasa.

"Yauwa!" in ji Baffa Velaphi, ƙanin surukinta, daga kujerar baya. "Tun a Ladysmith na faɗa. A ba mace sitiyari, a ce wai za a isa Msinga lafiya!"

Mijinta ta kalla. Bhekani na zaune a gefenta, idonsa a kan hanya, ya tallabe reshen magaryar kura da hannu biyu kamar jariri. Tun da safe, da ya durƙusa a bakin titin Ladysmith inda mahaifinsa ya cika, ya ja reshen a ƙasa ya ce, "Baba, taso mu tafi gida," bakinsa ya rufu ga duk mai rai. Ba zai yi wa kowa magana ba, ba zai waiwaya ba, sai ya shigar da kurwar tsohon cikin garken shanunsa, kamar yadda al'adarsu ta tanada. In ya kuskure, kurwar ta sauka daga reshen ke nan, ta ɓace musu.

"Baba," ya raɗa wa reshen, "mun ɗan tsaya a rafi. Kada ka sauka."

Khethiwe ta kau da kai. Da wannan muryar mai taushi ya nemi aurenta. Yau ko kallo ɗaya ba ta samu ba.

Motar ta tsoho Zungu ce, mahaifin Bhekani, mota mai ɗaki, da gado da murhu da 'yar taga mai labule. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan motocin wasu, da ya ajiye aiki ya sayi wannan ya ce yanzu shi ma zai kwana inda ya ga dama. A kan jakunkunan iska take zaune, ta tashi ta sauka kamar raƙumi, kuma shi da Bhekani kaɗai suka san halinta. Dangi suka dage a cikinta za a ɗauko shi. Mutum ɗaya da ya rage wanda ya san ciwonta kuwa, ga shi nan an ɗaure masa baki.

Ta bar injin a kunne, ta fita ta bugo ƙofa. Rana ta karkata. Bayan motar ya zauna daɓas, ƙugiyar jan tirela ta kafta wa dutse farin layi. Baffa ya biyo ta yana dogara sandarsa.

"Baba," ta ce wa Baffa, tana ƙoƙarin saisaita muryarta, "me na ce da kuke loda kaya? Tukwanen ƙarfe, buhunan garin masara, durom na ruwa, ga akuya. Duk a wutsiyar mota! Jaki kuka ɗauke ta?"

"Makoti," in ji shi, yana kiranta da sunan matar ɗa a yarensu, "sassauta harshenki. Matar ɗa ba ta ɗaga wa iyayen miji murya. Yayana zai koma gida ba akuyar tarbarsa? Ko a gidanku ba a koya miki ba?"

"A gidanmu an koya mini lissafin nauyi."

"Kai! Ji bakin 'yan Durban!"

Ta juya masa baya don kada ta faɗi abin da ba zai ɗebu ba. Ta buɗe ƙofar baya, ta shiga jido kaya ita kaɗai, tana jifa da su a kan yashi. Tukunya ta gangara tana ƙara. Akuya ta diro ta tsaya tana kallonsu. Baffa ya zauna a kan buhu ɗaya yana ba da umarni da sanda. Da ta gama, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, ta ja baya ta duba.

Motar ko gezau.

Ta koma ta leƙa allon gaban direba. Allurar tankin iska na sama, a cike. Ta danna maɓallin ɗagawa, ta sake dannawa, har yatsanta ya yi fari. Iska tana nan, amma ba ta isa inda ake nemanta. Ta dubi Bhekani. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓɓansa sun manne.

"Ka sani, ko?" ta ce a hankali. "Ka san abin da yake damunta. Kullum in na ce ka nuna mini, sai ka ce, 'Bari, masoyiya, kada ki ɓata hannunki.' To ga hannuwan nawa, fes da su. Su tsallakar da mu rafin nan."

Ƙwalla ta taru a idonsa, bai ko kifta ba. Ta ji kunyar kanta, kunyar ta ƙara hura mata wuta.

Ta zagaya baya, ta durƙusa, ta kara kunne. Ba hucin yoyo. Ta miƙa hannu ta matsa jakar iskar hagu: ta yi laushi, amma da sauran iska a ciki. Ta dama ma haka. To ba fashewa ba ce. Ta kwantar da kumatunta a kan yashi mai zafi ta leƙa, sai ta hango wata siririyar sandar ƙarfe tana lilo, ta kuɓuce daga gindinta. Samanta na haɗe da wani ɗan hannu da ya fito daga bawul ɗin iska. Nan take ta gane. Wannan sandar ce ke gaya wa motar tsayinta daga ƙasa. Duwatsun hanya sun fizge ta, motar ta rasa mai faɗa mata gaskiya.

Ramin rafin ya bar 'yar kafa a ƙarƙashi, daidai jikin mutum. Ta tattare dogon siket ɗinta, ta kwanta rigingine, ta sulale ciki.

"Wayyo, mun shiga uku!" Baffa ya miƙe. "Matar ɗa a kwance a gaban suruki, ƙafafu a waje! Makoti, fito daga ƙarƙashin motar nan! Yayana na ji, fa!"

"To ku zo ku shiga, Baba, tunda ku ne namiji!"

Ta kama ɗan hannun bawul ɗin. Sama ko ƙasa? Ba wanda ya taɓa gaya mata. Cikin fushi ta ja shi ƙasa.

Iska ta yi wani dogon huci a saitin fuskarta.

"Khethiwe! Fito! Fito, za ta danne ki!"

Jikinta ya bi muryar tun kafin hankalinta ya kama. Ta mirgina waje, gwiwar hannunta ta ƙuje. Motar ta yi nishi ta sauka gaba ɗaya, ƙarfen ƙarƙashinta ya nutse cikin yashi, daidai inda ƙirjinta yake ɗazu.

Ta ɗago. Bhekani na tsaye a kanta yana haki, ya waiwayo, ya yi magana, reshen na lilo a hannunsa ɗaya.

Akuya na gefe tana tauna wani abu.

"Ka zubar da ubanka," in ji Baffa. Sandar ta faɗi daga hannunsa. "Saura tudu ɗaya, ɗan nan. Ga hayaƙin gidanmu can. Ka zubar da shi saboda mace."

"Saboda matata, Baffa."

Khethiwe ta tashi ta kai wa ƙirjin mijinta duka da hannu biyu. "Wawa! Da ka gaya wa reshen! Da ka ce, 'Baba, surukarka za ta mutu,' ai da na ji! Yini guda kana yi masa hira, ni ko tari ban samu ba, sai yanzu?"

"Ban tuna ba," ya ce. "Sunanki ne kawai ya zo."

Ta sake ɗaga hannu, hannun ya ƙi sauka. Ta kifa goshinta a kafaɗarsa tana kuka, tana zaginsa a cikin rigarsa.

Baffa ya share ido da bayan hannu, ya tsinci sandarsa. "Wannan reshen ya mutu. Sai an yanko sabo, a koma bakin titin a ba shi haƙuri tun daga farko. In ya yarda ya sake biyo ku." Ya nufi tudu a ƙafa, yana jan akuyar. "Ni zan je in gaya wa uwarka ta sauke tukunya."

Bhekani ya ajiye reshen a gindin wata bishiya, a hankali. Ya ɗauko jak, ya ce ta tayo shi mirgino manyan duwatsu. Suka ɗaga motar, suka tokare ta ta kowane gefe, ya girgiza ta da kafaɗa ya tabbatar ba za ta motsa ba. Sannan ya miƙa mata filaya da guntun waya.

"Ke za ki shiga. Sama ake turawa."

"Yanzu ka ga damar faɗa," ta ce, ta fizge filayar.

Ta tura ɗan hannun sama. Jakunkunan suka fara kumbura, motar ta ɗaga kanta daga kan duwatsun. Ta mayar da sandar gindinta ta ɗaure tam.

Da suka mayar da kaya, wannan karon a tsakiyar mota, ta hau ta juya kan motar zuwa Ladysmith, don su sake ɗauko tsohon.