Wayar da ke Bayan Tayil

Mai Wuta ya sake ƙwanƙwasa bangon da gindin sukudireba, ya kara kunne kamar mai jiran a ce masa shigo. Nan dai ya bar ƙofar. Ba zai manta ba, don har goshi ya buga da ita ranar da ya fara ja wa shagon waya. Wata 'yar ƙofar ƙarfe ce mai tsatsa a kusurwar hagu, a bayanta wutar ginin ke shigowa. Yanzu babu ƙofa babu dalilinta. Tayil ne shuɗi fes tun daga ƙasa har sama, a ƙarƙashinsa an gina kwamin wanki na siminti da famfo biyu suna sheƙi.

"Auta!"

Ƙanwarsa ta leƙo daga bayan injinan wanki da tsumma a hannu. Ta haura arba'in, ta aurar da 'ya, amma a gidansu har gobe Auta ce.

"Ina ƙofar da ke nan?"

"Wace ƙofa?"

"Auta, kada ki raina mini hankali."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi tun tana ƙarama idan ta fasa kwano. "Yaya, ai muni gare ta. Duk wanda ya shigo ita zai fara gani. Da ka tafi wancan aikin naka, sai na ce wa magini ya rufe ta da bulo ya bi da tayil. Ka ga yadda wurin ya fito kuwa?"

Wurin kam ya fito, ba ƙarya. Shi ya sa abin ya fi ci masa rai. Shekara da shekaru Auta na bin gidajen mutane tana musu wanki da hannu, har tafukanta suka yi kaushi kamar na mai faskare. Wannan shagon shi ne abu na farko da za ta nuna ta ce nata ne. Gobe da safe masu duba daga hukuma za su zo, kuma abin da za su fara tambaya shi ne takardar shaidar cewa wutar shagon lafiya take, da sa hannun mai lasisi. Idan suka zo babu takarda, sai a mayar da sunanta ƙarshen layi, ta sake zaman jiran watanni, injinan suna nan a lulluɓe da leda.

Mai Wuta ya ajiye jaka ya fara gwajin nasa ɓangaren. Aikinsa ne, ya san shi ciki da waje. Sabon akwatin makunnai, layin injinan wanki, layin dutsen guga, layin fitilu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, kowanne ya ba shi amsar da yake so. Har gwajin wayar ƙasa ya yi kyau, wato koriyar wayar nan da ke kwashe wuta ta kai ta ƙasa idan inji ya samu matsala, maimakon ta bi ta jikin mutum.

Auta ta leƙa fuskar na'urar ta kafaɗarsa. "Me ta ce?"

"Ta ce lafiya."

"To alhamdulillahi! Sa hannu."

"Na'ura ba ta da ido," in ji shi. Ya nuna bututun ƙarfen da ya kawo ruwa kwamin. "Ba ta san ta ina wutar ta bi ta isa ƙasa ba. Ko ta ainihin wayar ce, ko ta wannan bututun. In ta bututun ne, ranar da mai gyaran famfo ya canza wani guntu ya sa na roba, shi ke nan, babu abin da ke tsakaninki da wuta. Kuma ba za ki sani ba. Sai na ga wayar da idona a ɗaure, a can ciki."

"To ka leƙa ta wani wurin mana."

Ya gwada, Allah ya gani. Ya zagaya bayan ginin, ya tarar ɗaya gefen bangon ƙasan matakalar bene ne, siminti zalla. Ya dawo ya hau kan kwamin da gwiwa, shi da tumbinsa, ya zura wayar hannunsa a 'yar kafar da kebul ya ratso ya ɗauki hoto. Duhu ya fito, da yanar gizo. Ya ƙara zura hannu har gwiwar hannu, hannun ya maƙale, ya yi ta murɗa shi yana gumi yana tsaki kafin ya zaro shi a ƙuje. Shagon ɗan tsukuku ne, ƙofar gaba a sauke rabi, ga zafin rana, ga warin sabon fenti. Ya ji kamar bangon huɗu suna matsowa.

Yana cikin goge jinin hannunsa ne wayarsa ta yi ƙara. Ko bai duba ba ya san Auta ta riga ta kai ƙara.

"Umma, barka da rana."

"Me nake ji haka? Wai ka hana 'yar'uwarka takarda?"

"Ba hana ta na yi ba, Umma. Akwai abin da ban gani ba ne."

"Kai da ka yi aikin da hannunka, me kuma ya rage ba ka gani ba? Mutanen gari kana musu takarda kullum, sai taka ta jini ce za ka tsaya kana mata dogon bincike? Yarinyar nan ta sha wuya. Kada ka zama kai ne za ka tare mata hanya."

"To, Umma."

Ya zauna a kan bokitin fenti ya ɗora takardar a cinya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne akwai mafita, kuma halattacciya. A ƙasan takardar akwai wani fili da aka ware don abin da mai gwaji bai samu dubawa ba. Layi ɗaya zai rubuta, cewa mashigar wuta a rufe take, bai isa gare ta ba. Ya sha rubuta shi a manyan gine-gine inda mai makulli ya yi tafiya. Masu duba za su karanta su gyaɗa kai su buga hatimi. Ko da wani abu ya faru daga baya, babu mai kama shi, ai ya faɗa.

Ya cire murfin biro ya rubuta layin.

Auta ta sauke ajiyar zuciya har da tafi. "Yawwa Yayana! Dama na san ba za ka kunyata ni ba." Ta tattare zani, ta kwaɓe silifas ta jefar gefe, ta buɗe famfo ta cika bokiti ta sheƙa a ƙasa don ta wanke ƙurar aikinsa kafin gobe.

Ya bi ruwan da kallo. Ya malala ya zagaye ƙafafun injinan ƙarfen, ya dawo ya zagaye ƙafafun Auta. Ƙafa tsirara. Haka take wanki tun tana yarinya, wai takalmi yana sa ta santsi. Umma ta yi faɗa har ta gaji. Haka za ta yi gobe, haka za ta yi jibi, hannu a jiƙe a jikin inji, ƙafa cikin ruwa, daga safe har yamma. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har biron ya yi masa nauyi. Saura sa hannu kawai, ya kasa.

"Auta."

"Na'am."

"Layin nan da na rubuta, kin san amfaninsa?"

"Ina zan sani? Turancinku ne."

"Idan wuta ta ja ki, za a ɗauko takardar nan a karanta, a ce ba laifina ba ne. Amfaninsa ke nan. Ni zai rufa wa asiri. Ke babu abin da zai yi miki."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ruwa na ta zuba a famfo, babu wanda ya kashe.

"Kana ganin wayar a kwance take?"

"Ban sani ba."

"Amma kana zargi?"

"Ko zargin ba na yi. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Ban dai sani ba ne, kuma ke ce za ki tsaya a nan."

Ta daɗe tana kallon bangon. Ita ta zaɓi tayil ɗin nan, shago uku ta shiga kafin ta samu shuɗin da ya kwanta mata, kuma mai sayarwa ya ce shi ne kwalin ƙarshe. Idonta ya ciko. Ta kashe famfon da ƙarfi.

"Wallahi Yaya kai matsala ne. Tun muna yara kai matsala ne." Ta durƙusa ta buɗe jakarsa ba tare da ta nemi izini ba, ta ciro guduma. "Nuna mini wurin. Ni na sa aka rufe, ba zan tsaya ina kallon wani yana fasa mini ba."

Ya kashe babban makunni, ya zana mata da alli. Bugun farko ta yi shi ido a rufe. Tayil ya tsage gida uku, ta saki wani ɗan sauti kamar ita aka buga. Daga nan ya karɓi gudumar ya ci gaba da sassaƙe bangon da kurfi a hankali, ƙura ta turnuƙe shagon da ta kwana biyu tana gogewa, ɓaraguzai suka cika kwamin. Can sai ga tsatsar ƙofar. Ya ja ta da ƙyar ta buɗe, ya haska tocila.

Wayar tana nan. Koriya, mai kauri, a ɗaure tam da noti, ko alamar tsatsa babu a bakinta. Ya kama ta ya jijjiga, ko motsi ba ta yi ba. Ya kwance ta ya auna ta ita kaɗai, ba tare da bututun ba, ya mayar ya ɗaure. Duk wanda ya yi wannan aikin tun farko, Allah ya yi masa albarka.

"Yaya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ƙalau?"

"Ƙalau."

Auta ta dubi ramin da ya buɗe baki a tsakiyar bangonta, ta dubi shuɗin tayil a warwatse a ƙasa, ta dube shi. Ya so a ce ya samu ko ɗan noti ɗaya a kwance da zai nuna mata. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai ya ɗauko takardar, ya soke layin da ya rubuta, ya sa hannu.

Ba ta karɓa ba. "Gobe in sun tambayi ramin nan, kai za ka musu bayani. Umma ma kai za ka kira."

"Na ji."

"Kunna."

Ya ɗaga makunnin. Fitilu suka kawo. Ta yage ledar injin farko ta danna, ya fara juyi yana gurnani. Ta taka cikin ruwan da ke kwance a ƙasa, ƙafa tsirara, ta ɗora jiƙaƙƙen tafinta a jikin ƙarfen ta bar shi a nan, tana kallon yayanta cikin ido.

Mai Wuta bai ce mata ta sa takalmi ba. Ya sunkuya ya ɗauki tsintsiyar.