Keken da Ramatu Ta Zaɓa

Keken Dawuda Mai Ƙwai ba a jingine ya mutu ba. A gangaren dutsen Tingilin ya karye, daga wuya, da kwando cike da ƙwan zabi a bayansa. Tayar gaba ta yi nata wuri, Dawuda ya yi nasa. Da ya tashi, jini a goshi, gwaiduwa har cikin kunne, abin da ya fara dubawa shi ne ko wani ya gan shi. Babu kowa sai awaki. Ya saɓa gawar keken a kafaɗa, ya sauko Garwa da ƙafa.

Wannan ba komai ba ne a wurinsa. Mutumin da 'yan duwan, wato kwastan, suka bi da harbi a hanyar iyaka lokacin yana safarar fetur a jarka, wanda 'yan tare hanya suka tuɓe a dajin Tuboro ya shigo gari da ganye a ƙugu yana gaida mutane, wanda kwalara ta kwantar da layinsu kaf ta tsallake ƙofarsa, ai ba faɗuwar keke ce za ta kaɗa masa hanji ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma babu ramin da ke tsakanin Garwa da Gidar da bai san shi ba.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Damina ta sauka, zabi sun fara ƙwai. Matan ƙauyukan bayan dutse suna tara masa ƙwai cikin tukwane da yashi, kowane jajibirin kasuwar Pitowa ya hau ya kwaso. Dokarsu kuwa a fili take: wanda ya zo shi ake ba, wanda ya fara fashi an manta da shi. Ga Hamadu mai babur, ya daɗe yana zagaya ƙauyukan yana yi wa matan murmushi. Idan Dawuda ya rasa keke a makon nan, ya rasa hanyar da ya buɗe tun kansa yana baƙi.

Shu'aibu mai walda ya juya gawar keken da ƙafa, ya ce, "Baba Dawuda, me zan liƙa da me? Waldar da ke jikin keken nan ta fi ƙarfen yawa. A yi masa sutura kawai."

Da yamma 'yarsa Ramatu ta zo gidan a unguwar Hausare. Ma'aikaciyar jinya ce, ta wanke masa goshi, ta manna auduga, sannan ta ce, "Baba, ni zan saya maka wani."

Dawuda ya dube ta da ido ɗaya. Yarinyar nan shekara da shekaru ba ta da wata waƙa sai ta ya ajiye keke ya zauna a ƙofar gida. Yau ya faɗo daga dutse, maimakon ta ce ai na faɗa, sai ta ce za ta saya masa sabo?

"Haka kawai?"

"Haka kawai, Baba. Gobe mu je shagon Barthélemy."

"A ina kika san Barthélemy?"

"Kowa ya san shi."

Ya juya wajen matarsa Kaltumi. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Matar da ko akuya ta yi atishawa sai ta tofa albarkacin bakinta, yau ba ta da ta cewa. Dawuda ya ajiye wannan a ransa.

Barthélemy mutumin kudu ne, yana sayar da kekunan gwanjo da ake kawowa daga Turai ta Duwala. Tun daga nesa ya taso yana buɗe hannu.

"Papa Dawuda! Jam na? Sannu da zuwa, sarkin dutse!"

Dawuda bai taɓa sa ƙafa a shagon ba. Wa ya gaya masa sunansa? Wa ya gaya masa zancen dutse? Ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya shiga da hannuwa a baya yana duba kaya. Kekuna a rataye kamar nama a mahauta, duk sun yi yanar gizo-gizo. Guda ɗaya tak, kore, an sauke shi, an goge, an sa wa sarƙarsa mai. Dawuda ya wuce shi kamar bai gani ba.

Ya taɓa wani siriri mai lanƙwasasshen kai.

"Wannan na kwalta ne, Papa. Ya ga tsakuwa sai ya yi kuka."

Ya taɓa wani ƙato mai taya kamar ta babur.

"Wannan na gangara ne kawai. Hawan dutse da shi, sai dai ka ɗauke shi a ka."

"To wane ne na mutane?"

Barthélemy ya jawo koren yana washe baki. "Ga shi. Wannan ba ya zaɓen hanya. Kwalta, yashi, dutse, taɓo, hawa da sauka, duk ɗaya ne a wurinsa. Sifirin a gaba, sifirin a tsakiya. Rami ya zo, shi ne zai sha dukan, ba bayanka ba."

Dawuda ya ɗora tafin hannu a sirdi ya danna. Keken ya durƙusa, ya miƙe. Ya sake dannawa. Ya ja da baya.

"Karyayye ne."

"Haba Papa!"

"Kai, ni za ka yi wa wayo? Keke ya karye a ƙugu, Bature ya ɗaure shi da sifirin ya turo muku. Ni na san karyayyen keke, jiya na binne ɗaya."

"Baba, hau ka gani mana," in ji Ramatu.

Ya naɗe riga ya hau, don kada a ce tsoro ya ji. Ya bi bayan kasuwa, inda ruwa ya zaizaye hanya ya bar duwatsu a tsaye. Ya auna rami mafi muni ya faɗa ciki da gangan, ya dantse haƙora yana jiran zafin nan da ke tasowa daga ƙugu zuwa ƙeya. Shiru. Keken ya haɗiye ramin kamar loma. Ya canza giya, ya hau tudun da ke bayan masallaci ba tare da ya tashi daga sirdi ba. Abin ya yi masa daɗi, daɗin kuma shi ya ƙara tayar masa da hankali. A saninsa, duk abin da ya yi laushi haka akwai abin da yake ɓoyewa.

Sai da ya sauka ya zagaya ta baya, sannan ya gani. Babu kariya, mazaunin kaya na baya. Ba ma ita kaɗai ba, babu ko hujin da za a ɗaura ta. Tayar baya tana hawa tana sauka ita kaɗai, babu abin da za a kafa a kanta ya zauna.

"Ina ake ɗaura kaya?"

Barthélemy ya dubi Ramatu. Kallo ne na ƙiftawar ido, amma Dawuda ya taɓa karanta fuskar ɗan duwan daga tsallaken kogi.

"E to, Papa, irin wannan dai na hawa ne."

"Na hawa ne," in ji Dawuda. "Madalla. Mun ɗauka."

Ya yi wa Ramatu godiya, ya sa mata albarka, ya jira ta hau babur ɗin haya ta tafi aiki, ya tura keken kai tsaye wurin Shu'aibu.

"Kariya nake so. Mai ƙarfi. Yau."

Shu'aibu ya ƙwanƙwasa jikin keken da sifana, ya saurara, ya girgiza kai. "Wannan ba ƙarfenmu ba ne. Irin wanda ake zuba tukunya da shi ne. Na sa masa wuta sai ya narke ya bar ni da rami."

"Tun kafin ka taɓa shi na ga amsar a bakinka. Ta zo nan ko?"

"Wa?"

"Kar ka ce mini wa."

Shu'aibu ya sosa ƙeya. "Ta biyo dai ta gaishe ni. Amma wallahi ko ba ta zo ba, maganar ɗaya ce. Abin da zan iya, in ɗaure sanduna daga sirdi zuwa gindin taya da noti. Sai dai sifirin ya mutu ke nan, kuma rana ɗaya zai tsage maka a gangare. Wannan karon ba awaki ne za su gan ka ba, masu wankan gawa ne."

Dawuda ya tsaya yana kallon keken. Ya so ya ce a ɗaure. Amma ƙugunsa ya riga ya ɗanɗana ramin nan na bayan kasuwa, ya ƙi ba shi goyon baya. Ya ja kekensa ya tafi.

Ramatu ta dawo da la'asar duba goshi. Ya bari ta gama, sannan ya ce, "Ke da Barthélemy da Shu'aibu. Saura wa?"

Ba ta yi musu ba. Ta ajiye almakashi ta ce, "Baba, cewa na yi a ba ni keken da zai kai ka ko'ina, wanda ba zai ɗauki ko buhun gishiri ba. Ka je masallaci, ka je zumunci, ka hau dutsenka ka sha iska. Kwandon nan ya fi ni nauyi. Shi ya karya wancan, saura kai."

"Matan fa? Ƙwan fa?"

"Hamadu ya ce zai riƙa kwaso maka."

Dawuda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Hamadu! Ashe har da shi. Zai kwaso mini. Mako na farko ya kawo mini, na biyu ya ce zabi sun yi yaji, na uku in gan shi a bakin kasuwa yana sayar wa masu shayina. Ke kin yi boko, amma ba ki san Hamadu ba."

"Na fi son Hamadu ya cuce ka da in wanke gawarka."

"Mata ba sa wanke gawar maza."

"Baba!"

Kaltumi ce ta raba su, daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba. "To Malam, tunda keken ba ya goyo, kai ka goya mana."

Ramatu ta yi dariya. Dawuda bai yi ba.

Ranar jajibirin kasuwa, bayan ya dawo daga masallaci, ya ce wa Kaltumi ta kawo zane da majanyi. Ta shiga ɗaki ta fito da su, har da kwando da ƙaiƙayi a ciki. Ya sunkuya kamar mai jego, ta ɗora masa kwandon a gadon baya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirji, ta zagaya majanyi ta ƙulle tam.

"Kar ka yi ta tsalle da shi, zai yi kuka," in ji ta.

Duk Hausare sai da ta fito. Masu shayi suka bar tukunya. Wani ya ɗaga murya, "Baba Dawuda, barka da arziki! Mace ko namiji?"

"Namiji ne! Sunan ubanka za a sa masa!"

Ya taka feda ya bar su suna riƙe ciki. Hanyar dutse ta sha ruwa, duk ta zama kwazazzabo. Wuraren da ya saba sauka ya tura, yau a zaune ya haye su. Keken yana durƙusawa yana miƙewa a ƙarƙashinsa, shi kuma yana jiran inda munafuncin zai fito. Har ya kai ƙauye bai fito ba.

A bakin ƙauyen ya ga sawun tayar babur, sabo. Ya tsaya ya duba shi da kyau, sannan ya shiga.

Yvette, wadda matan suka sa a gaba a harkar ƙwai, tana zaune a gindin tsamiya. Da ta ga goyo sai ta saki guɗa, matan suka fito daga gidaje suna tafi, wata tsohuwa ta leƙa kwandon tana yi masa wasa.

"Baaba, an ce mana ka karye," in ji Yvette da Fulatanci. "Wani ya zo ɗazu ya ce ka ajiye aiki, shi ka wakilta."

"Kin ba shi?"

"Na ce ya dawo in rana ta karkata. In ba ka zo ba, nasa ne."

"To ga ni. A fito da tukwane."

Aka fito da su. Ya zauna yana jefa ƙwai cikin ƙwaryar ruwa, wanda ya nutse ya jera a ƙaiƙayi, wanda ya taso ya mayar wa mai shi da harara. Bai kai rabin tukwanen ba kwandon ya cika. Ya danna, ya sake jeri, babu wuri. Sai a lokacin ya ja baya ya dubi kwandon sosai. Ba nasa ba ne. Sabo ne fil, ƙarami, an saƙa shi da gefe ɗaya a shafe don ya kwanta a bayan mutum. Irin wannan ba a saƙa shi a kwana ɗaya. Ashe har cikin gidansa shirin ya kai.

Kaltumi.

"Sauran fa?" in ji Yvette. "Ƙwai ba ya kai wani mako."

Dawuda ya daɗe yana kallon tukwanen. Daga ƙasan dutse ana jin kukan babur yana tahowa.

"Ni zan fara zaɓa, kowane mako. Abin da na bari ki ba yaron, ya samu na mai. Dama na daɗe ina so in taimake shi."

Yvette ta ce ta ji. Matan suka taru suka ɗaure masa goyo, suna gardamar wadda ta fi iya ƙulli.

A gangare suka haɗu da Hamadu yana fama da babur cikin taɓo. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, idonsa a kan zanen.

"Yi sauri, ɗana," in ji Dawuda, bai ko taɓa birki ba. "Na rage maka."