Kofi Uku a Baƙin Rago

Ranar Lahadi da tsakar rana Garth Teasdale ya tura ƙofar mashayar Baƙin Rago, karo na farko cikin wata bakwai, hirar da ake yi a ciki kuwa ta mutu nan take. Ƙamshin gasasshen nama da hayaƙin itace suka tare shi kamar kullum. Mutane ne dai ba su tare shi ba.

Shekara talatin da ɗaya yana zama a teburin bakin murhu duk Lahadi in an taso daga coci. Su huɗu ne a wurin: tsoho Isaac Bousfield da ya haura tamanin, da Clive Dargue mai baki kamar reza, da Wilf Raine wanda gonarsa ke jikin ta Garth, shi ne ma babban abokin ango a bikin Garth, sai shi Garth ɗin. Ba a rubuta sunan kowa a jikin teburin ba, amma baƙo in ya yi kuskuren zama, kallo kaɗai ke tayar da shi. Wannan kujerar Garth ya zo nema yau, ba wani abu ba.

Abin da ya raba shi da ita kowa a garinsu na Skelgarth ya sani. A watan Maris ciwon baki da kofato ya shigo kwarin. Wata safiya Garth ya tarar da tumakinsa uku suna ɗingishi, bakinsu duk ƙuraje, sai ya ɗaga waya ya kira likitan dabbobi yadda doka ta ce. Kafin kwana huɗu ma'aikatan gwamnati sun iso da fararen kaya da bindigogi. Suka harbe garkensa, suka bi duk gonar da ta yi iyaka da tasa suka harbe, mai ciwo da mai lafiya. Mako biyu hayaƙin ƙona gawarwaki yana shiga ɗakunan mutane. Tun daga nan gaisuwa ta yanke. Matarsa Enid har gari na gaba take zuwa sayen burodi don kada ta haɗu da idon mutane.

Amma akwai abin da Garth ya riƙe a cikinsa. Mako guda kafin nasa su kamu, ya leƙa ta kan katangar dutse ya ga Wilf yana binne raguna takwas a bayan rumbunsa, waɗanda ya sayo a kasuwa ya shigo da su a ɓoye. Wilf ya roƙe shi da girman abota, shi kuma ya yi shiru, har yau. Rafi ɗaya dabbobinsu ke sha. Wata bakwai ke nan yana ɗauke da laifin wani a ka, kuma ya gaji. Ya ƙudurta tun daga gida: zai saya musu zagayen giya, kowa kofi ɗaya. In sun sha, magana ta mutu, shi ma ya binne tasa. In sun ƙi, to yau kowa zai ji.

"Hilda," in ji Clive da ƙarfi, yana kallon mai mashayar, "ɓoye wayarki. Ga mai kira ya shigo."

Wasu a bakin kanta suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Isaac ya yi tari irin na tsufa, Clive ya dafa shi. "Haba Baba, a gabansa? Haɗiye shi mana! Yanzu ka ga masu fararen kaya sun zo sun harbe mu duka."

Kunnuwan Garth suka yi zafi. Ya cire hula, ya taka har bakin kanta kamar bai ji ba.

"Sannu, Hilda. Kofi huɗu, irin na kullum. Zagayen nawa ne. Ki haɗo mini da abinci."

Hilda mace ce da ba ta shiga faɗan da ba nata ba, ga shi kasuwa ta faɗi mata warwas tun da aka rufe hanyoyin duwatsu saboda ciwon, baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa. Ta dube shi, ta dubi teburin, ta ja hannun famfon giya a hankali har kumfa ya tsaya daidai baki. Huɗu ta cika. Garth ya tattara su a hannuwansa biyu yadda ya saba, ya kai ya jera, ya jawo kujerarsa ya zauna. Kowa a ɗakin ya bar abin da yake yi yana kallo. A garin nan mutum na iya zaginka ya kwana lafiya, amma ya ture kofin da ka saya masa, wannan sai dai 'ya'yanku su gaji gabar.

Kofunan suka zauna. Kumfan ya fara sauka. Wilf ya kafa wa itacen murhu ido kamar yau ya fara ganin wuta.

Hilda ta kawo faranti: yankan naman shanu, dankali gasasshe a kitse, kabeji, da wainar fulawa da ta kumbura ta cika da romo. Garth ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, ya yanki loma.

"Naman nan daga ina, Hilda?" in ji Clive.

"Ka fi ni sani. A daskare ake kawo shi."

"Ato. Kwarin da in ka yi jifa sai ka sami tunkiya, yau muna cin saniyar da ta haye teku. Ci mana, Garth. Ai kai ka yi mana odarsa."

Garth ya tauna lomar, ta ƙi wucewa. Ya buɗe baki, sunan Wilf na kan harshensa, sai ga hannun tsoho Isaac ya miƙo, duk jijiya, ya kama kofi.

"Giya ba ta yi wa kowa laifi ba," in ji tsohon. Ya kurɓa, ya share gashin bakinsa.

Clive ya yi tsaki, ya ɗauki nasa. Wilf ma ya ɗauka da sauri, ya shanye rabi a kurɓi ɗaya.

Wayyo, daɗin da Garth ya ji! Ƙirjinsa ya saki, idonsa ya kawo ruwa har sai da ya sunkuya kan faranti. Naman da ya ƙi wucewa ɗazu yanzu ya yi masa garɗi. Ya dangwali romo da wainar, ya ci dankalin tas. Ba wanda ya yi masa magana, gaskiya ne. Isaac da Clive suka ci gaba da zancen farashin ciyawa ta saman kansa. Amma sun sha. Har ya fara tsara yadda zai faɗa wa Enid, ya ce mata gobe ta sayi burodinta a shagon garinsu.

Kofuna suka ƙare kusan tare. Zagaye a teburin nan daga hagun mai saye yake tafiya, shekara da shekaru, kuma a hagun Garth Wilf ne. Ya miƙe yana jan ƙafa, ya kwashi kofuna. Hilda har ta jera sababbi huɗu a kan kanta.

"Uku," in ji Wilf.

Hilda ta tsaya. "Huɗu dai, Wilf."

"Uku na ce miki."

Ta mayar da ɗaya kan maratayi, ƙarar gilashin kuwa har bakin ƙofa an ji ta.

Garth ya ji kamar an kwara masa ruwan rafi a baya. Ashe shan da suka yi ba sulhu ba ne. Sun sha nasa ne don su samu damar tsallake shi a gaban kowa. Kuma wa aka ba wuƙar? Wilf! Wilf da ya tsaya a bayan rumbu yana hawaye da majina. Garth ya buga tebur har farantin ya yi tsalle.

"Kai, Wilf Raine? Kai ne za ka tsallake ni? Juyo ka dube ni, matsoracin banza! Faɗa musu raguna nawa ka binne a bayan rumbunka. Takwas ne, da idona na gani, mako guda kafin nawa su fara ɗingishi. Kai ka sayo mana ciwon nan a kasuwa, ka ɓoye, ni na rufa maka asiri, ka bar ni matata ba ta iya shiga shago!"

Ya tsaya yana haki, yana jiran ɗakin ya fashe. Ya zaci za a ɓarke da hayaniya, a juya kan Wilf, wani ya kama kwalarsa. Ba wanda ya motsa. Wani a bakin kanta ma gyaɗarsa ya ci gaba da ɓarewa.

"Tara ne," in ji Clive. "Ka ƙirga ba daidai ba. Da motata ta haƙa aka tona ramin."

Garth ya juya wurin tsohon. "Baba Isaac, kai ma?"

"Mun sani, yaro. Tun ranar muka sani."

"Kun sani, kuma ni kuke..."

"Wilf ya yi wauta, ya rufe raminsa ya rufe bakinsa. Kai ka ɗaga waya."

"Doka ce, Baba! Da ban kira ba da ciwon ya cinye kwarin nan kaf."

"Yo bai cinye ba?" Muryar tsohon ta tashi. "Tumaki ɗari shida gare ni. Tun zamanin kakana suke kan dutsen can ba shinge, kowace uwa tana koya wa 'yarta inda kiwonmu ya tsaya. Likitan da kansa ya buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya, bai sami ko ƙurji ba. Suna cikin haihuwa aka harbe su, ni na riƙe musu ƙofa. Ina zan sayo tunkiyar da ta san dutsena? Shekarata tamanin da biyu. Kana hango gonata daga tagarka, Garth, taku ɗari uku ne. Da ka tako ka faɗa mini tukuna, ko da awa ɗaya, da ni da kaina zan ce maka kira. Ba ka zo ba. A bakin baƙo mai farin kaya na ji."

Gaskiya ne, Garth bai je ba. Tsoro ya ji a safiyar, ya ruga wurin waya, ko ta kan tsohon bai bi ba.

Wilf ya dawo da kofuna uku, giya na zuba a yatsunsa, ya tsaya bai san inda zai ajiye ba. Garth ya gyara zama, ya naɗe hannu a ƙirji.

"Ba inda za ni," ya ce. "Kujerata ce. Sai dai ku ɗauke ni."

"Wa zai taɓa ka?" in ji Isaac.

Ya lalubo sandarsa, ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Clive ya kama masa hannu. Su ukun suka ratsa ɗakin a hankali zuwa ƙaramin teburin da ke bakin ƙofa, inda iska ke shigowa ta ƙasa, inda ba mai zama sai baƙon da ya rasa wuri. Tsohon ya ɗaga kwalar rigarsa saboda sanyi, ya zauna ya ba murhu baya, suka ɗora zancen ciyawa daga inda ya tsaya.

Hilda ta zo ta ɗauke farantin, ta goge teburin gaba ɗaya har gefen da ba kowa. Ta tambaye shi ko zai ƙara.

"Kofi ɗaya," in ji Garth.