Kwano Mai Jan Farce

Ranar da gwajina ya nuna na kwaso korona a asibitin da nake aikin jinya, mijina Jethro ya kulle ni a uwar ɗakin gidanmu da ke unguwar Al Muntazah. Ya ware mini kwano da kofi, ya ɗiga musu jan farce don kada su gauraya da nasa da na 'yarmu. Ɗan fasto ne, dokokin tsarki na Isra'ilawan dā a kansa suke.

"Maman Jael, haƙuri za ki yi," ya ce ta bayan ƙofa. "A zamanin Musa ma marar tsarki bayan zango yake zama, sai firist ya duba shi."

"To sannu, babban firist," na ce. "Miƙo mini 'yata ta sha nono."

Ya ƙi. Na ce likitoci sun yarda in shayar da ita da takunkumi a fuska, ni ma haka nake gaya wa mata. Ya ce shi dai tsoro yake ji. Jael watanta goma, aka koma ba ta madarar gwangwani. Ni kuwa in tatse nonon in zubar a banɗaki, raina yana tafasa, ina tsoron ta manta da ni. Idan ta fara kuka sai in zauna a ƙasa, in jingina da ƙofa in yi mata waƙa. Takan rarrafo ta bubbuga katakon har ta yi shiru.

Rana ta bakwai aka sake gwaji, cutar tana nan. Jethro ya ce firist ma yakan ƙara kwana bakwai. Saura kaɗan in jefi ƙofar da kofin.

A rana ta goma sha huɗu alamar manhajar korona da ke wayata ta koma kore, wato na warke. Na yi wanka, na wanke kayana kaf, na fito falo na durƙusa ina miƙa hannu. Jael ta dube ni, ta ƙanƙame wuyan ubanta. Na ɗauke ta, ta sandare tana tsala ihu, dole na sauke ta. Ta rarrafa ta wuce ni, ta je ƙofar uwar ɗaki tana bubbugawa.

Jethro ya kasa haɗa ido da ni. Na ce ya ɗaga ta daga bakin ƙofar. Na koma ciki, na rufe, na zauna a ƙasa na fara waƙar. Kukan ya tsaya.