Gilashin Bayan Motar Sixten

Sixten ya cire gilashin bayan motarsa a watan Oktoba don ya sa masa sabuwar roba, ya mutu a watan Mayu bai mayar ba. Wata bakwai gilashin ya yi kwance a kan gadon baƙi, lulluɓe da bargo. Babu baƙon da ya taɓa samun irin wannan kulawa a gidan.

Ranar Juma'a za a binne shi. A nan garin Rättvik, in mai tsohuwar mota ya mutu, abokansa kan jero motocinsu a bayan gawa har coci, tasa a gaba. Matarsa Gunvor ba ta yi kuka ba tukuna, ta dai ɗauka zai zo a lokacinsa. Abin da ta sani kawai shi ne motar mijinta ba za ta shiga gaban motoci arba'in da rami a baya ba. Gilashin kuwa na ƙirar 1959 ne, mai lanƙwasa, an daina yin irinsa. In ya fashe, shi ke nan.

Ranar Laraba da hantsi ta kira Torvald, ƙanin Sixten, tsohon malamin tarihi wanda ko taya bai taɓa canjawa ba.

"Ni fa, Gunvor, ko murfin kwalba sai na nemi taimako," in ji shi da ya shigo garejin.

"Ba basira nake nema ba. Tafin hannu biyu nake nema. Kana da su?"

"Da safe dai na gan su."

Aikin na mutum biyu ne. Ta jiƙa sabuwar robar a ruwan ɗumi har ta yi laushi, ta kewaye bakin gilashin da ita, ta cusa siririyar igiya cikin tsagin robar zagaye guda, bakunan igiyar biyu suka haɗu a ƙasa. Ta shafe ko'ina da ruwan sabulun wanke kwanuka. Babu wanda ya taɓa koya mata. Shekara talatin da takwas ta yi tana tsayawa a waje tana danna gilashin motoci iri-iri, Sixten yana ciki yana jan igiya yana mata tsawa. Ashe duk tsawar nan karatu ce.

Suka ɗauko gilashin su biyu, Torvald yana tafiya da baya yana numfashi kamar mai hawan dutse. Suka ɗora shi a bakin ramin. Gunvor ta zagaya ta shiga, ta durƙusa a kujerar baya, inda Sixten ya saba durƙusawa. Gwangwanin tabarsa na nan a lungun kujera. Ta dube shi, ta jira ta ji wani abu. Gwiwarta ce kawai ta ji tana ciwo.

"Danna inda nake ja," ta ce. "Da tafi. In ka dunƙule hannu, gawa biyu za a kai ranar Juma'a."

"Haka yayana yake miki magana?"

"Shi ba ya gargaɗi."

Ta fara jan igiyar a hankali. Leɓen robar ya riƙa fitowa yana kama bakin ƙarfe, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa. Ta cikin gilashin tana ganin tafukan Torvald sun yi fari, da fuskarsa, wadda rabinta ta Sixten ce. A kusurwar sama ta hagu igiyar ta cije. Gilashin ya yi wata ƙara siririya. Gunvor ta dakata da ja. Ta ƙara sabulu, ta juya igiyar tana ɗan kewayawa da ita, robar ta ba da kai. Igiyar ta fito gaba ɗaya a hannunta, jiƙe, gilashin ya zauna daram.

Torvald ya share hannuwansa a wando yana zagaya garejin kamar shi ya ƙera motar. Can ya tsaya gaban bango, ya sauko da wani siririn ƙarfe mai ƙyalli, lanƙwasasshe.

"Wannan fa? Sandar labule ce?"

Gunvor ta dubi ƙarfen. Ƙarfen adon gilashin ne. Cikin robar ake cusa shi tun kafin a ɗora gilashi. Bayan haka ba ya shiga. Sixten ne kullum yake sa shi, tun kafin ya kira ta ta zo ta danna, shi ya sa ba ta taɓa ganin wannan ɓangaren aikin ba. In ana son sa, sai a turo gilashin waje da ƙafa a sake komai daga farko, har da kusurwar nan ta hagu.

"Mayar da shi inda ka gan shi," ta ce. "Zo mu sha kofi."

Ranar Juma'a motoci suka taru a bakin titi, an goge su tas. Maza suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannunta, kowane idonsa na zamewa ta kan kafaɗarta zuwa baƙar robar da ke tsirara. Folke, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci, shi ne ya kasa haɗiyewa.

"Sannu da haƙuri, Gunvor. Wa ya sa gilashin?"

"Ni."

"Ya zauna." Ya ɗan yi tari. "Ƙarfen fa?"

"Yana gida."

"Ai tun kafin ake sa shi."

"Na sani, Folke."

"To. Ba ya yoyo dai ko?"

"Ba a yi ruwa ba tukuna."

Ya gyaɗa kai ya koma motarsa. Motar gawa ta tashi. Gunvor ta zauna a mazaunin direba na motar Sixten, ta jawo kujerar gaba sosai, ta bi bayanta.