Mesar Gidan Tambari

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura. Shi Tambari direba, duk faɗin Ƙauran Namoda, mesa ce ta karɓe shi. Ba zabgegiyar nan mai haɗiye ɗan akuya ba, ƙarama ce, baƙa da zanen ruwan ƙasa, irin wadda ba ta da dafi, ba ta da faɗa. In ta tsorata sai ta cusa kai a tsakiyar jikinta ta dunƙule kamar curin fura. A Kudu ya samo ta, wata tafiya da ya kai shanun Shinkafi, a hannun masu sharar gona da har sun ɗaga adda. Ya roƙe su suka bar masa, ya raɗa mata Turai, Allah kuma ya ɗora masa sonta.

Ya haɗa mata akwatin katako mai hujoji a ɗakin da yake ajiye tsofaffin tayoyi. Ya kifa mata fasasshiyar tukunya ta riƙa shigewa, ya ajiye kaskon ruwa wanda yake sauyawa kafin ya sha nasa kunun. Abincinta kusu ne. Yakan ɗana tarko a rumbunan dawa na bakin tasha, ya zaɓo ɗan madaidaici, ya jefa mata, ya tsuguna yana kallo. Sai ta zuro harshe, ta kai cafka, ta nannaɗe shi har ya daina shure-shure, sannan ta haɗiye shi ta kai a hankali. Daga nan ba mai taɓa ta sai cikin ya faɗa. Matarsa Iyatu, wadda da farko ko ƙofar ɗakin ba ta bi, har ta kai ga ita ke tuna masa in ruwan kasko ya yi ƙasa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, gari ya ɗauki zafi. Masu giya suka kwashe kwalabe, masu caca suka ɓace. Wasu samarin unguwa kuma, waɗanda ba wanda ya aike su, suka naɗa kansu masu gyaran gari. Jagoransu Atiku ne, mai faci a bakin titi, wanda bai fi wata biyu da fara tsayar da gemu ba amma ya fi kowa sanin wanda zai shiga wuta.

Ranar wata Asabar da hantsi suka faɗo gidan ba ko sallama, da gorori da sanduna.

"Ina abin tsahin da kaka kiwo?" in ji Atiku. "Hiddo ta mu kashe!"

"Tsahi a gidan wa?" Tambari ya tare ƙofar ɗakin. "Dabba ta, awa tunkiyar gidanku. Ku hita min gida."

Bai rufe baki ba gora ta sauka a kafaɗarsa. Tambari ba yaro ba ne, mutum ne da ya saba kokawa da tayar babbar mota. Ya cafki na gabansa ya maka shi da bango, ya kai wa Atiku naushi a baki har haƙori ya yi tsalle ya faɗa kwatami. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Biyu suka zagaye shi suka jawo akwatin tsakar gida, suka kifar. Turai ta gangaro a dunƙule, ko motsi ba ta yi. Wani ya ɗaga taɓaryar Iyatu. Tambari ya yi kukan kura ya kife a kanta, taɓaryar ta same shi a haƙarƙari, ya ji ƙas. Suka rufe shi da duka ta ko'ina, ƙeya ta fashe, jini ya bi wuyansa yana ɗiga a ƙasa, shi kuwa ya ƙanƙame abarsa a ciki bai ɗaga ba. Ihun Iyatu ne ya jawo limamin unguwa, tsoho mai dogara sanda, ya daka musu tsawa suka ja baya suna haki.

Liman ya saurari kowa, ya duba dabbar, sannan ya ce da samarin su ji tsoron Allah, Shari'a ba ta ce a haura gidan mutum ba. Ya juyo ga Tambari, wanda ke zaune yana tofar da jini.

"Kai kuma, tunda ka tsare ta, cinta da shanta na wuyanka. In yunwa tak kashe ta cikin akwatinka, kai za a tambaya gobe ƙiyama."

"Na ji, Allah gafarta Malam," in ji Tambari.

To, daga wannan rana Turai ta daina ci. Ya jefa mata kusu, ta kau da kai. Ya kashe ya miƙa mata da awartaki tun da ɗuminsa, ta shige tukunya. Ya gwada ɗan tsako, ko harshe ba ta zuro ba. Haƙarƙarinsa ya ɗinke, ƙeya ta warke, ita kuwa tana nan. Irin wannan mesa takan yi watanni ba ta ci ba in an firgita ta, kuma ba abin da zai same ta, amma wa zai gaya wa Tambari? Shi dai ƙashin bayanta yake gani yana fitowa, maganar Liman kuma ta tsaya masa a rai. Tsoro ya kama shi ƙwarai, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ranar wata Alhamis, yana shirin ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Shinkafi, dabara ta faɗo masa, ya yi murna kamar wanda ya tsinci dami a kala.

"Iyatu, na gane mi ad damuwatta. Ido na. Ke in kin kai ma baƙo tuwo, tsayawa kika yi bisa kainai?"

"A'a, Maigida. Aje mai nika yi in hito."

"To, ni kullum ina tsugunne ina kallon bakinta, bayan abin da idanun mutane sunka yi mata. Kunya ta da tsoro. Yau aje mata za ni yi in ba ta wuri."

Abin da tarkonsa ya kama ranar ba ɗan kusu ba ne, matashiyar gafiya ce, mai ƙiba, mai haƙora kamar kurfin masassaƙi. Ya ga ai wanda ya daɗe bai ci ba babban akushi ya kamace shi. Ya zura ta da ranta, ya rufe akwatin, ya ɗora dutse, ya ja ƙofa. Ya ce da Iyatu ko me ta ji kada ta leƙa. Ya tafi yana tuƙi yana 'yan waƙe-waƙensa, har fasinjoji na tambayarsa ko an yi masa albishir ne.

Iyatu ta ji ƙwaƙule-ƙwaƙule tun kafin azahar. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta tuna an ce kada ta leƙa, ta koma kan tankaɗenta.

Da la'asar sakaliya ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakin tayoyi. Ƙarni ne ya fara tarbarsa. Ya ɗaga dutsen, ya buɗe.

Turai tana dunƙule a lungu, kai a ɓoye, yadda ta saba. Gafiyar tana zaune a kanta, baki jajir. Ta ɗaye fatar bayan tun daga wuya har kusan wutsiya, ta ci naman, ƙashin baya ya fito fari, ƙananan haƙarƙari a jere a waje. Ruwan kasko ya koma ja. Yini guda ana cin ta da rai, ba ta kai sara ko ɗaya ba.

Tambari ya yi wata ƙara da Iyatu ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya damƙi gafiyar da hannu, ta kafa masa haƙora a babban yatsa har ƙashi, bai ma ji ba. Ya fyaɗa ta da bango, ya ɗauka ya sake fyaɗawa, ya bi ta da ƙarfen kwance taya yana kirɓa har ta zama ba a gane kai ba a gane gindi. Sai da Iyatu ta riƙe masa hannu tana kuka sannan ya yar da ƙarfen.

Ya durƙusa ya ɗauko Turai. Da ranta. Ta zaro kai a hankali, ta zuro harshe ta taɓa yatsansa mai jini. Ya juya ta, ya duba, ya ga ba abin da za a ɗinka, ba inda za a sa magani. Ya san ba Atiku ba ne, ba kowa ba ne, shi ne da hannunsa ya ɗora dutsen.

"Miƙo min wuƙa," ya ce.

"Maigida..."

"Miƙo min, Iyatu. Wahala taka sha."

Ya fito da ita tsakar gida, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya yanke kan da sara ɗaya. Gangar jikin ta yi birgima, ta bi hannunsa ta nannaɗe wuyan hannun tam, jininta da nasa suna gangara ta gwiwar hannu. Ya zauna daɓas a ƙasa. Rana ta yi ja, ladan ya kira magariba, maza suna ta wucewa masallaci ta bayan katanga.

Iyatu ta kawo buta ta ajiye a gabansa. "Tashi ka wanke hannu, an kira salla."

Tambari bai ɗago ba.

"Bari ta sake ni tukuna," ya ce.