Tsohuwa ta Huɗu

Hasiya ta sauka daga kabu-kabu, ta kutsa zauren taron ƙaddamar da littafi da ƙasar garinsu Barmu a ƙafafunta. Can gaba ga Haula maƙwabciyarta, ta sha leshi, ana yi mata tafi.

Wata uku Rukaiya, 'yar garin Tawa da ta tashi a Turai har take koyarwa a jami'a can, ta yi tana zama kan tabarmar Hasiya, tana binciken yadda kakanni ke tarbiyyar jikokin da ake turowa daga Abijan. Jika tara Hasiya ta mayar wa Hausa a baki, da waƙoƙin dakan da uwarta ta bar mata. Haula fa? Aikin tafinta kawai ta yi wa Rukaiya, don ta taɓa koyarwa a lakwal, makarantar boko. Ko taɓarya ba ta iya riƙewa.

“Ke ɗiyar nan!” Hasiya ta daka wa Rukaiya tsawa. “An ce littafi ya fito. Nuna mini sunana.”

Rukaiya ta durƙusa, ta buɗe shafi. “Ga ki nan, Inna. Tsohuwa ta huɗu.”

“Ta huɗu? Akuya ce ni a kasuwar dabbobi? Ita waccan fa?”

“Madam Haula tana shafin godiya. Inna, na tambaye ki in sa sunanki, kika ce a'a. Har kika dangwala yatsa a takarda.”

“Sau nawa kika tambaya?”

“Sau ɗaya.”

“Sau ɗaya! A ƙasarmu ta Adar wa ke amsawa a tambayar farko? Ko fura aka miƙo miki, sai kin ce kin ƙoshi, a sake miƙowa. Mi kika zo koyo wata uku?”

Rukaiya ta sunkuyar da kai. “An riga an buga, Inna.”

Haula ta gyara ɗaurin kallabinta.

* * *

Littafi ɗaya suka ba Hasiya, an naɗe gefen shafin don kada ya ɓace mata. Sauran suna can ƙetaren teku.

Da la'asar Hasiya ta zauna gaban murhu, ta shafa babban yatsanta a gindin tukunya, ta danna shi kan shafin da ƙarfi. Ba ta san ko kan layin da ke zancenta ya faɗa ba.